Hayaƙin da Na Ɗora wa Turaren Innarku

Da sunan Allah nake ci gaba, Shi da ba a ɓoye masa abin da ake ɓoye wa 'ya'ya. Wannan babin shi ne wanda na yi ta tsallakewa. Na ba ku labarin barowata ƙauye, na ba ku na koyon kanikanci a ƙarƙashin manyan motoci, na cika muku kunne da duk abin da ba ya ciwo. Yanzu likita ya ce in rage gishiri, ƙafafuna sun ce in rage yawo, na ga in ban rubuta shi bana ba wataƙila a binne ni da shi. Hadiza, ke ce babba, ke nake so ki fara karantawa, kuma ki nemi wuri ki zauna tukuna. Abin da kuka sani shi ne turaren wuta ne ya cinye ƙirjin Innarku, kuma yayarta, Inna Ige ta unguwar Minanata, ita ta ɗora ta a kan sana'ar ta hana ta hutawa. Shekara tara ke nan ba wanda ya taka gidan matar nan a cikinku, ko da Salla. Daga bakina kuka ji wannan labarin, kuma ba haka aka yi ba.

Sai kun tuna irin mutumin da nake a lokacin kafin ku gane sauran. Direbobi Garba Mai Hanci suke ce mini, ni kuma ina amsawa har da gyara hula. In an kawo mota mai shan gas, wato dizal, ba na fara buɗe gabanta. Bayanta nake zagayawa in ce a taka mata wuta, in tsaya kusa da salansa in kalla, in shaƙa. Baƙin hayaƙi, mai ya yi wa iska yawa. Shuɗi, inji na shan baƙin mai. Fari mai yaji a ido, mai bai ƙone ba, fari mai ɗan zaƙi-zaƙi kuwa ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Kafin mai mota ya gama gaisuwa na faɗa masa ciwonta, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Wannan ita ce dukiyata kaf, ba ni da boko, ba ni da gado. Mutumin da abu ɗaya ya mallaka a duniya kuwa, kada ka yi masa wasa da shi.

A shekarar da nake magana na sayi motar kaina ta farko, bayan na ƙare ƙuruciyata a ƙarƙashin na mutane. Tsohuwa ce, 'yar Beljiyam, doguwa mai kalar toka, ta sha duniya kafin ta iso Sakkwato. Kun san ta, kun sha shigarta. Abin da ba ku sani ba shi ne tun ran farko ta ba ni haushi, don ba ta hayaƙi. In zagaya bayanta, a taka mata wuta, salansa fes kamar an wanke. Turawan da suka ƙera ta sun sa mata wata tukunyar ƙarfe a tsakiyar salansa, cikinta kamar saƙar zuma, tana kama tokar gas kafin ta fito. Filta muke ce mata a gareji. Duk wanda ya gani sai ya yaba, ni kuwa ji nake kamar an ba ni marar lafiya an ɗaure masa baki, an ce in faɗi abin da ke damunsa.

Da bazara ta fara shigowa sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, motar ta mutu a ƙafa. In taka, ta yi gunji, ba ta wuce gudun keke. Na canza abin da na saba canzawa, na busa abin da na saba busawa, shiru. Kwana huɗu tana tsaye a bakin gareji, direbobi na wucewa suna yi mini sannu da irin muryar da na sani. A ƙarshe wani maƙwabcin rumfata, Ɗanjuma mai kwamfuta, ya ƙetaro da kansa. Magidanci ne mai 'ya'ya, amma a idona yaro ne, kuma na daɗe ina yi wa akwatinsa na gano ciwon mota dariya a gaban mutane. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya nemi izini, ya soka wayar akwatin a ƙarƙashin sitiyari. Bai daɗe ba ya ɗago.

"Baba, filta ta cika, amma ba ita ad da laihi ba. Akwai bawul da ka maida hayaƙi cikin inji, shi yal liƙe buɗe, toka tay yi yawa. A kwance shi a wanke, a wanke filta, ka hau hanyar Gusau ka sake mata ƙahwa, ta ƙone sauran da kanta. Kuma don Allah, Baba, ka bar ɗumama ta da sahe. Wagga ba tirela ba ta."

Da a ɗaki ya faɗa mini, mu biyu, wataƙila da na ji. Amma akwai direbobi uku a kan benci, kuma ɗaya ya yi murmushi.

"Ɗanjuma," na ce, "ran da nih hwara kwance inji ba a yi auren uwarka ba. Akwati na zai hwaɗa mani ciwon mota? Naɗe wayarka."

Ya naɗe, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya koma rumfarsa. Wanzami dai ba ya son jarfa. A yammacin ranar na ɗaga motar, na kwance tukunyar, na kafa ta a ƙasa, na sa rodi da guduma na farfasa saƙar da ke ciki har ta zube gari. Ba ni na fara ba, rabin garejin garin nan haka ake yi, kuma na yi wa mutane da yawa kafin in yi wa kaina. Na mayar da fankon tukunyar na ɗaure. Ƙarfi ya dawo, fitila ta ƙi mutuwa, sai na yanki baƙin salatif na manna a kanta. Aka taka wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan gareji, na ce wa direbobin nan yanzu ta fara magana. Bawul ɗin da Ɗanjuma ya ambata ko kallonsa ban yi ba, don in na taɓa shi kamar na yarda ke nan. Na ce nozul ne, bakin da ke fesa mai, zan duba in na sami sarari, kuma kun san bakanike ba ya samun sarari a kan motarsa. Da na zo rubutun nan na so in sa muku Hausar filta, na rubuta "na fasa matata". Na dubi kalmar, na ajiye alƙalami, ban koma kansa ba sai washegari.

Yanzu ku tuno gidanmu na Runjin Sambo yadda yake a da, kafin a yi ginin gaba. In an shigo ƙofa akwai ɗan lungu tsakanin katanga da ɗakin Innarku, iya faɗin mota. Maigidana da ya koya mini aiki ya dasa mini abu biyu da na riƙe kamar farilla. Na farko, mota ba ta kwana sai hancinta na kallon ƙofa, saboda haka kullum da baya nake shiga da ita, salansa ya tsaya daidai ƙarƙashin tagar ɗakin. Na biyu, ba a taɓa tayar da injin gas a tafi, sai ya yi ɗumi. Ga manyan motocin da na tashi a cikinsu gaskiya ce. Ni kuma na haɗa abin da ibadata: in na dawo daga masallaci da asuba sai in tayar da ita, in fita in zauna a benci a waje in ja wuridina, in na shafa sannan in kashe. Tsawon wuridi shi ne tsawon ɗumin mota, kuma ni ba mai gaggawar wuridi ba ne. A daidai wannan lokacin Innarku tana kan dardumarta a ƙarƙashin tagar nan. Tun tana amarya ba ta tashi daga inda ta yi sallar asuba sai rana ta fito, ko me ake yi. Zafin bazarar Sakkwato kuwa ba ya barin mutum ya rufe taga. Ku duk kun watse a lokacin, ke Hadiza kina ɗakinki a Gusau, Bello na wurin aiki a Abuja, Luba na makarantar kwana. Gidan daga ni sai ita.

Innarku tana da 'yar fuka tun ƙuruciya, irin wadda takan taso sau ɗaya ko biyu a shekara ta kwanta. A wannan bazarar ta taso ta ƙi kwanciya. Tari ya zama abin da nake ji kafin in ji sallamarta. In ta ɗebo ruwa daga randa zuwa madafa sai ta tsaya ta dafa bango. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu, sannan na kai ta asibiti a cikin motar nan, ina tuƙi ina yi mata faɗan ba ta kula da kanta. Likitar wata yarinya ce, daga jin bakinta 'yar Kano ce. Ta saurari ƙirjinta gaba da baya, ta daɗe, sannan ta dube ta.

"Mama, akwai hayaƙi a gidan? Wani abu da kike shaƙa kullum?"

Innarku ta buɗe baki. Na gani da idona, ta buɗe baki. Ni na riga ta.

"Turaren wuta, likita. Sana'atta ke nan, ita da yayatta. Kullum suna bisa kasko."

Likita ta ce lallai a daina. Ta sake duban Innarku ta ce, "Haka ne, Mama?" Innarku ta sunkuyar da kai ta ce, "Yadda Malam yac ce." Wallahi a lokacin ban san ƙarya nake yi ba. Amma ban tsaya na yi tunani ba ko na ƙiftawar ido, kuma mutumin da sana'arsa ke nan ya tambayi hayaƙi daga ina ya fito ba shi da uzurin da wani zai samu. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nata.

Sana'ar nan ba ƙaramar aba ba ce a wurinta. Ita da Inna Ige sun gaje ta daga kakarsu. Duk Laraba Ige takan zo daga Minanata da itacen hawi da kajiji da farce a ƙulle, su baje tabarma a tsakar gida, su daka, su jiƙa, su soya da sukari, suna hira suna dariyar mutanen da ban sani ba. Iyayen amare har daga Hubbare suke aikowa. Ba na jin na taɓa ganin Innarku ta sake kamar ranar Laraba. Larabar da ta biyo bayan asibiti na ƙi fita gareji, na jira Ige a tsakar gida. Ta shigo da ƙullinta, muka gaisa, na faɗa mata abin da likita ta ce, na ƙara da nawa gishirin. Ige ba irin Innarku ba ce, ba ta haɗiye magana.

"Garba, shekara talatin muna wanga aiki, Kulu ba ta taɓa kwana zamne ba sai bana. Mi yac canza bana? Shi za ka tambaya."

"Tsuhwa tac canza, Yaya. Ke kina son kasuwa, ni ina son matata da rai. In dai ni ad da gidan ga, wanda yaƙ ƙara zowa da itacen ga ya tsaya waje da shi."

Ta dube ni, ta dubi ƙanwarta da ke bakin ƙofa, ta ɗauki ƙullinta ta aza a ka.

"To, mai gida. Gidanka na. Allah ya ba ta lahiya."

Ta fita ta tari keke mai ƙafa uku, ba ta ƙara shigowa ba muddin Innarku na da rai. A daren ranar na kira ku ɗaya bayan ɗaya na ba ku labari yadda na so, ni ne mai ceto, Ige ce mai son zuciya. Ke Hadiza kika yi kuka a waya kika ce dama kin daɗe kina zargi. Na ji daɗin kukan nan, Allah ya yafe mini.

Aka daina turare, tari bai daina ba. Damina ta sauka ya ƙaru. Masu aikowa suka yi ta zuwa ana mayar da su har suka gaji. Innarku ta rasa abin yi da hannunta, ta rasa mai yi mata hira, sai ta ƙara daɗewa a ɗaki. Ta rame har awarwaronta na zamewa. Ni kuma kowace safiya in tayar da mota in fita benci in roƙa mata lafiya, da gaske nake roƙo, wani lokaci har da hawaye, kuma saboda ita na ƙara wa wuridin tsawo.

Wata safiya a ƙarshen damina na tayar da motar, na fita, sai yayyafi ya sauko. Maimakon in zauna a jiƙe na ce bari in ƙarasa a ɗakinta. Rabon da in shiga ɗakin nan a wannan lokacin na safiya, ni kaina ban sani ba. Ina ɗaga labule hancina ya gaya mini kafin idona ya gani. Gas ne, ɗanye, mai nauyi, irin wanda in na ji a bayan motar wani zan ce masa kashe, kashe. Tana zaune a kan darduma, ta naɗe hanci da baki da gefen mayafi, kafaɗunta na hawa suna sauka, carbi na hannunta ba ta daina ja ba. Hayaƙi na shigowa ta ragar taga a hankali yana taruwa a saman ɗakin. Na kai yatsa na shafi ragar, ya fito baƙi ƙirin da maiƙo. Na san wannan baƙin, shi ne a ƙarƙashin faratana tun ina saurayi, turare ba ya barin irinsa. Na fita a guje na kashe motar. Da na dawo ta kife a gefe ɗaya, leɓɓanta sun canza launi. Maƙwabta suka taimaka muka ɗauke ta. Wani ya ce in kawo makulli, na ce a tari keke. A keke muka kai ta, ruwa na dukanmu ta gefe, motata na tsaye a lungu.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti da robar iska a hanci. Likita ta ce ƙirjin ya gaji, za a lallaɓa amma ba zai koma yadda yake ba. Ta tambaya ko an koma turare, na ce a'a, ban ƙara komai ba. Ige takan zo kullum da kunu a fulas, tunda asibiti ba gidana ba ne. In na shigo sai ta ja mayafi ta fita baranda.

A cikin kwanakin nan na sa aka jawo motar zuwa rumfar Ɗanjuma. Na yi sallama na tsaya, na ce ya nuna mini bawul ɗin. Ya tashi ya kawo sifana. Muka kwance shi, ya fito a cushe da toka mai danƙo kamar gindin tsohuwar tukunya, ƙofarsa ta ƙage a buɗe, bututun da ke bayansa ya toshe har yatsa ba ya shiga. Na ce ya bar mini. Na zauna a ƙasa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, na kankare, na wanke, na kankare, har ƙofar ta fara motsi a ƙarƙashin babban yatsana, tana buɗewa tana rufewa. Daga hantsi zuwa la'asar aka gama. Wannan shi ne aikin da na ƙi yi wata bakwai. Filta kam na riga na kashe ta, sai da aka nemo wata tsohuwar filta daga Kano, muka wanke ta muka ɗaura, muka canza wani siririn tiyo da na tsage ranar da nake fama da rodi. Ɗanjuma ya soka akwatinsa ya share laifin da motar ta riƙe a kanta, na ɓare salatif da farcena, fitila ta mutu. Muka hau hanyar Gusau, muka wuce Shuni, muka wuce Dange, ina ba ta wuta yadda ya ce tun farko. Da muka tsaya ya ciro farin ƙyalle ya tara a bakin salansa, na taka, ya kawo mini shi fari.

"Baba, mi yas sa ka sake shawara?"

"Hayaƙi yad dame ni," na ce.

Da aka sallamo ta na mayar da ita ɗakina na ciki, na daina shigar da mota gida gaba ɗaya. Sai da na yi kwana uku ina juya maganar sannan na iya. Tana jingine da filo bayan azahar, na zauna a bakin gado ina kallon ƙafafuna.

"Kulu, ba turare ba na. Motata ta."

"Na sani, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun satin da kah huda ta. Turarena na san shi, bai taɓa shaƙe ni ba."

"To mi yah hana ki hwaɗi?"

Ta daɗe tana neman numfashi kafin ta amsa.

"Ka riga ka hwaɗa ma likita. In ƙaryata ka gaban ɗiyar mutane? Kuma kai am Mai Hanci. Kullum sai in ce gobe za ya jiya da kainai."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara ji haushi ne. Na so in ce mata wane irin haƙuri ne wannan, na wauta. Sai na tuna sau nawa a zamanmu ta ce mota na wani ƙara na ce mata ta kula da tukunyarta. Ni na koya mata cewa maganar inji ba tata ba ce, ta kuwa koya da kyau. Na yi kuka a gabanta, abin da ba ta taɓa gani ba, har ta kawar da kai don kada in ji kunya. Abu ɗaya ta roƙe ni.

"Ka tahi ka ɗauko Yaya. Ka ba ta haƙuri, ka hwaɗa ma ɗiyan ga gaskiya."

Na ce to. Sau biyu na tuƙa har kwanar Minanata, in hango layinsu, in juya. Kullum ina da dalili: bari ta ƙara samun sauƙi, bari ku zo hutu in tara ku, bari a wuce Maulidi. Ba ta sake tambayata ba. Wata huɗu bayan haka, ranar wata Talata da hantsi, ta cika, ina riƙe da kofin ruwan da ta ce in kawo.

Ran nan Ige ta shigo gidana, don ita za ta yi wa ƙanwarta wanka. Hadiza, kin iso daga Gusau ana cikin shiri, kin san abin da ya faru, amma ba ki san ina ji ba. Ina zaune a ƙofar gida cikin maza, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ige ta zuba garwashi a kasko za ta turara likkafani da sauran turaren da suka yi tare. Na ji muryarki ta tashi, na ji kin ce, "Kin kashe ta da shi, kuma ki bi ta da shi har kabari?" Na ji kasko ya fashe a ƙasa. Mata suka yi ta salati. Limamin unguwa da ke gefena ya dube ni, yana jira in tashi. Taku goma ne tsakanina da tsakar gida, kuma magana ɗaya ce za ta wadatar. Na sunkuyar da kai na ci gaba da amsa gaisuwa. Kada ki ɗauki wannan a kanki, 'yata, abin da na ba ki ne kika jefa.

Mutane sun yi ta ce mini kwana ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, ba mai wuce ranarsa. Ba kuma zan rantse cewa turaren shekara talatin bai taɓa ƙirjinta ko kaɗan ba, wannan Allah ya sani. Amma na san abin da ya canza a shekarar nan, na san hannun da ya riƙe rodi. Ƙaddara ba ta hana a tambayi mutum abin da ya aikata, kuma shirun da na yi bayan na sani ba wanda ya ɗora mini shi. Na daina fasa wa mutane filta, duk wanda ya kawo sai in tura shi wurin Ɗanjuma, har aka fara cewa Mai Hanci ya tsufa ya ji tsoron aiki. Na ɗauka wannan ya isa tuba. Na riƙa ganinku kuna zuwa da jikoki kuna durƙusa mini, kuna cewa Baba ya yi ƙoƙari a kan Inna, ina amsawa.

Watan jiya na je Minanata. Wannan karon na bar keke ya kai ni har ƙofa don kada in sami sitiyarin juyawa. Na same ta a tabarma a inuwar ɗaki, ta ƙanƙance, idanunta sun yi fari-fari. Na yi sallama.

"Wa na?"

"Garba na, Yaya."

"Wane Garba?"

"Na Kulu."

Ta ce a kawo mini tabarma. Na ƙi hawa, na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai tun daga rodi har ragar taga. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma yi mamaki ba.

"Ta hwaɗa mani tun asibiti," ta ce.

"Kin sani, Yaya? Ran da Hadiza tah hwasa kasko kin sani?"

"Na sani."

"Kuma kinka yi kurum?"

"Ɗiyan sun rasa uwa da hantsi. In buɗe baki su rasa uba kahin azahar? Ni inna ta, ana rayuwa babu ni. Na ce kai za ka hwaɗi in an share makoki. Ban san makokin naka shekara tara na ba."

Na roƙe ta gafara, goshina har ƙasa. Ta ce in tashi, tsoho ba ya kyau da haka.

"Abin da kay yi mani na yahe tun tuni, don Kulu. Amma an ce Luba ta haihu har sau biyu, ni da nig goye ta. An ce ta hwarin an sa mata sunan Kulu. Ban gan ta ba, Garba, ga shi idon ya tahi sai kaɗan. Wanga kam ban sani ba ko ina iya yahe shi."

Na yi mata sallama na fito. Abin da ya rage a hannuna shi ne takardar nan. Da rana tsaka, in an tsaya kusa da Ige a haske, tana iya rarrabe fuska, jikarta ta ce mini ba a san ko ganin nan zai kai baɗi ba. Luba, ki ɗauki yaran nan ki kai mata, kada ki jira hutun makaranta. Bello, ka nemi izini a wurin aiki. Hadiza, na san ke za ki fi jin nauyin shiga, ki shiga, ba ta ambace ki da mugun abu ba ko sau ɗaya. Ku fara da Minanata kafin ku zo Runjin Sambo. In kun fito daga can kuka ga ba za ku iya biyowa ta nan ba, ba zan aika a kira ku ba.